Zama a Bakin Teku: Kwatanta Gaɓar Ankara ta Gana da Gaɓar Bur Sudan a Matsayin Mazaunin Bahaushe

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta yankuna biyu masu zafi da ke bakin teku, waɗanda Hausawa suka shafe fiye da shekara ɗari suna zaune cikinsu. Na farko shi ne gaɓar Ankara a mashigin tekun Gini, na biyu kuma gaɓar Bur Sudan da Sawakin a Bahar Maliya. An dubi yanayi da ruwan sha da sana'a da makomar harshe da kuma matsayin mazauni a gaban doka. An lura cewa ruwan sha da takardar zama ɗan ƙasa sun fi zafin rana tasiri wajen sauƙin zama ko wahalarsa a wuraren biyu.

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma harshen Hausa yana da kalmomi biyu na ambatonsa, kuma kowace ta biyo tata hanyar. Kalmar bahar ta Larabci ce, ta gabas ta shigo tare da littattafai da mahajjata. Kalmar teku kuwa ana kyautata zaton daga Yarabanci ta fito, wato ta kudu ta biyo fatake. Waɗannan hanyoyi biyu su ne suka kai Bahaushe bakin ruwan gishiri: hanyar goro ta sauke shi a Ikko da Ankara, hanyar hajji ta tsayar da shi a Sawakin da Bur Sudan.

Ankarar da ake nufi a nan ita ce Accra, babban birnin Gana, kamar yadda fatake da mutanen zango suka daɗe suna kiranta, ba ta ƙasar Turkiyya ba. Bur Sudan kuma ita ce Port Sudan a bakin mazaunanta. Dukansu biranen tashar jiragen ruwa ne da suka bunƙasa ƙarƙashin mulkin Ingila, dukansu suna da zafi da laima, kuma a dukansu an fara kallon Bahaushe a matsayin baƙo mai wucewa. Tambayar da ake son amsawa ita ce, wanne ne ya fi daɗin zama ga wanda ya yada zango bai tashi ba, kuma me ya sa?

2.0 Yadda Aka Je

Turawa sun mayar da hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Ankara a 1877. Kafin nan akwai Hausawa a garin, wasu malamai, wasu 'yan kasuwa, wasu kuma sojojin da Kyaftin Glover ya ɗauka aka yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 da su. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fataken Gwanja, da yawansu suka gangara kudu. Da jirgin ruwa ya fara ɗaukar goro daga gaɓar Gana zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai tsohuwar hanyar jakuna ta mutu, bakin teku ya zama cibiyar cinikin. Alhassan Ɗantata na daga cikin waɗanda suka fahimci wannan sauyi da wuri, domin ta Ankara ya riƙa tura goro a jirgin ruwa. Malam Naino ya kafa Zangon Malam, ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, sai Malam Amadu Futa ya buɗe Nima a farkon shekarun 1930. Duk a kan ƙasar da aka samu daga hannun 'yan ƙasa, wato mutanen Ga, aka gina su.

Labarin gabas daban yake. Sawakin tsohuwar tasha ce da mahajjatan Yammacin Afirka ke ƙetarawa Jidda daga cikinta tun kafin zuwan Turawa. Da duwatsun murjani suka hana manyan jirage shiga mashigarta, sai aka fara gina sabuwar tasha a 1905, kimanin kilomita 60 arewa da ita, aka buɗe ta a 1909. Wannan ya zo daidai da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Bayan su talakawa masu niyyar hajji suka yi ta kwarara. Mutum kan yi shekaru a hanya, yana ƙwadago a gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925, ko a Gadarif da Kasala da Tokar, yana tara kuɗin jirgi. Bur Sudan ce zangon ƙarshe kafin ruwa. Wasu sun ƙetara sun dawo sun zauna, wasu kuwa ba su taɓa ƙetarawa ba, 'ya'yansu da jikokinsu suka gaji niyyar. Irin waɗannan ne C. Bawa Yamba ya yi nazari a kansu a littafinsa na 1995.

Wannan bambanci na dalilin zuwa yana da tasiri har yau. Wanda ya je Ankara neman riba ya je, saboda haka ya nemi fili da sarauta da kasuwa. Wanda ya je Bur Sudan yana ganin kansa matafiyi ne da bai kai ba tukuna, don haka bai yi gaggawar kafa turaku ba.

3.0 Yanayi

Mai jin an ce kudu zai ɗauka Ankara gari ne na ruwan sama kamar Ikko. Ba haka abin yake ba. Ruwan da ke sauka a Ankara a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, wato bai fi na Kano ba, alhali Ikko na samun kusan ninki biyu, Axim da ke yammacin gaɓar Gana kuma na samun fiye da milimita 2,000. Dalilai biyu ake bayarwa. Na farko, gaɓar ta miƙe ne kusan a layi ɗaya da iskar damina, sai iskar ta bi gefenta ta wuce maimakon ta afka wa tudu ta zubar da ruwa. Na biyu, daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yakan taso sama ya sanyaya iska, hadari ya kasa haɗuwa. Shi ya sa filayen Ankara ciyawa ce da ƙananan bishiyoyi, ba kurmi ba, har ana kiwon shanu a cikinsu. Ba abin mamaki ba ne da wanda ya buɗe Nima ya kasance mai harkar shanu.

Damina biyu ake yi, babba daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Zafin rana a yawancin shekara yana tsakanin digiri 27 da 33 a ma'aunin Salshiyas, watan Agusta shi ne mafi sanyi. Hunturu yana isowa a Disamba da Janairu, amma ya riga ya gaji kafin ya kai bakin teku, hazo kawai yake kawowa da ɗan bushewar leɓe. Abin da ke damun mutumin arewa a nan shi ne laima. Gumi ba ya bushewa, tufafi da littattafai suna yin fumfuna, ƙarfe yana tsatsa, hatsi ba ya ajiyuwa kamar a rumbu. Amma babu watan da zafi ke korar mutum daga gari.

A Bur Sudan akwai irin wannan watan. Birnin yana kan ɗan siririn fili tsakanin duwatsun Bahar Maliya da teku, kuma hamada ce sosai. Ruwan shekara bai kai milimita 100 ba, kuma abin da ya fi ba manomin Hausa mamaki shi ne lokacin saukarsa: daga Oktoba zuwa Janairu, lokacin da ƙasar Hausa ke kaka da ɗari. A Yuli da Agusta, sa'ilin da ake tsakiyar damina a Katsina, zafin Bur Sudan yana haura digiri 40. Sakkwato da Maiduguri ma suna ganin irin wannan adadi a bazara, amma nasu busasshe ne, inuwa da randa suna maganinsa. Na Bur Sudan haɗe yake da tururin teku mai ɗumi, jiki ba ya iya sanyaya kansa, dare ma ba ya kawo sauƙi. Kusan kowace shekara ana samun rahoton mutuwar mutane saboda bugun zafi, musamman idan wuta ta ɗauke. Tun zamanin Turawa masu hali kan hau tudu zuwa Sinkat da Arkawit su yi watannin zafi a can. Lebura da mai talla ba su da wannan zaɓi.

Sai dai a yi wa Bur Sudan adalci: daga Disamba zuwa Maris tana da daɗin da Ankara ba ta da shi. Iskar arewa na kaɗawa, rana ba ta ƙuna, a da 'yan Hartum ma kan zo hutu. Sauro bai kai na gaɓar Gini yawa ba, ko da yake ajiye ruwa a ganga da tankuna ya sa zazzaɓin dengi ya zauna a garin. Ankara kuwa zazzaɓin cizon sauro ne abokin zamanta duk shekara.

4.0 Ruwa: Inda Ya Yi Yawa da Inda Ya Yi Kaɗan

A nan ne wuraren biyu suka fi rabuwa. Babu kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara da ke shiga Bahar Maliya, kuma gishirinsa ya fi na Atlantika. Bur Sudan ta dogara ne da Kwarin Arba'at, wani rafi na lokaci-lokaci da ke kimanin kilomita 40 daga birnin, da rijiyoyin da ke cikinsa, sai 'yan injinan tace ruwan teku waɗanda ba sa isa. An daɗe ana alƙawarin jawo ruwan Nilu da bututu daga wajen Atbara, gwamnatoci sun zo sun wuce ba a kammala ba. Mafi yawan unguwannin talakawa daga motocin tanka da amalanken jaki suke sayen ruwa, farashinsa kuma yana tashi daidai lokacin da zafi ya tsananta. A watan Agusta na 2024 madatsar Arba'at ta fashe bayan ruwa mai yawa a kan duwatsu, ta tafi da ƙauyuka da rayuka, ta bar birnin da ke cike da 'yan gudun hijira ba tare da babban tushen ruwansa ba. Gari ne da ƙishirwa ke barazana gare shi, kuma ambaliya ce ta ƙara masa ƙishirwar.

Ankara tana da koguna a kusa. Ana jawo mata ruwa daga madatsar Weija a kan kogin Densu ta yamma, da Kpong a kan kogin Volta ta gabas. Famfo ba ya zuwa kullum a zanguna, ana sayen ruwan leda da na tanka, amma matsalar ta rarrabawa ce, tushen yana nan. Babbar damuwar ita ce ruwan da ke kwanciya. Birnin shimfiɗe yake, magudanansa suna zuba cikin rafin Odaw da tabkin Korle, kuma an yi gine-gine a kan hanyar ruwa, shara ta toshe sauran. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ruwa ya mamaye shataletalen Kwame Nkrumah, man fetur ya bi kan ruwan daga wani gidan mai da jama'a suka fake, wuta ta tashi, mutum kimanin 150 suka rasu. Shekara guda kafin nan annobar kwalara ta kama dubban mutane a birnin. Unguwanni irin su Nima da Mamobi, masu cunkoso da ƙarancin makewayi, su ne kan gaba wajen ɗanɗana wannan.

Duk da haka ba daidai ba ne a ɗora matsalolin biyu a ma'auni ɗaya. Ambaliyar Ankara ta kwanaki ce a shekara, kuma gyaran magudana da kwashe shara na iya rage ta. Ƙarancin ruwan Bur Sudan na kowace safiya ne, yana cin wani kaso na abin da magidanci ya samo kafin a ɗora tukunya.

5.0 Sana'a da Muhalli

Abin lura shi ne a duka gaɓoɓin biyu Bahaushe bai zama masuncin teku ba. A Gana kamun kifin teku na mutanen Ga da Fante da Ewe ne. Hausawa sun riƙe abin da suka zo da shi: goro, shanu da fawa, dillanci, ɗinki, canjin kuɗi, malanta, da saukar baƙi. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan zango, kamar yadda Deborah Pellow ta nuna a nazarinta na 2002 kan masu gida da 'yan haya a Sabon Zango. Mai gida yana ba baƙo ɗaki, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa. Abincin zango ya fita ya zama na ƙasa baki ɗaya. Shinkafa da wake ta zama waakye, ga koko da ƙosai da tuwon zafi da fura, kowane Bagane ya san su. Kasuwar Ankara babba ce, yankin yana da mutum fiye da miliyan 5 a ƙidayar 2021, ga tashar Tema da aka buɗe a 1962. Tsadar haya ce ke karya baƙo, domin masu gida kan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ko da yake dokar haya ta 1963 ta taƙaita shi a wata shida.

Tattalin arzikin Bur Sudan ya rataya ne a kan tasha. Kusan duk abin da Sudan ke shigowa da shi ko fitarwa ta nan yake bi, har da man fetur tun 1999. Dakon tasha ya daɗe a hannun ƙabilun Beja, masu ƙasar, ga kuma Bani Amir da Nuba da Larabawan kogi, kowa da unguwarsa da ake kira daim. Hausawa sun fi yawa a ƙananan sana'o'i da ƙwadago da ɗinki da sayar da abinci. A nan ma nama ya yi musu suna, domin agashe, wato tsiren da Sudan duka ke ci, sunansa ma Hausa ne. Raunin irin wannan gari shi ne idan tasha ta tsaya komai ya tsaya, kamar yadda aka gani a Satumba da Oktoban 2021 lokacin da masu zanga-zangar Beja suka rufe ta.

6.0 Makomar Harshe

Ga mai nazarin Hausa wannan fage ya fi kowanne jan hankali, domin sakamakon ya saɓa wa abin da za a zata. A Ankara Musulmi tsiraru ne, harsunan gari su ne Ga da Twi da Ingilishi, babu mai dangantaka da Hausa. Amma Hausa ta yaɗu ta zama harshen hulɗa tsakanin Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da sauran mazauna zango, har yaran da iyayensu ba Hausawa ba ne suna tashi da ita a matsayin harshen farko. M. E. Kropp Dakubu ta bayyana wannan matsayi a tarihin harsunan Ankara da ta wallafa a 1997. Yaɗuwar ta zo da farashi. Gananci ya zubar da bambancin jinsi, ana amfani da lamirin namiji ga mace da namiji, kuma baƙaƙe masu ƙugiya sun narke cikin takwarorinsu marasa ƙugiya a bakin yawancin masu magana. Bakano zai ji abin banbaraƙwai, amma harshen yana ƙara samun masu magana.

A gaɓar Bahar Maliya kuwa Bahaushe ya tarar da addininsa, ya tarar da harshen da yake girmamawa tun yana makarantar allo. Wannan kusanci shi ne ya raunana Hausa. Larabci ya riga ya riƙe kasuwa da masallaci da makaranta da ofis, babu gurbin harshen hulɗa da Hausa za ta cike. Sai ta koma cikin gida da unguwa, tana ɗaukar kalmomin aro birjik, kamar yadda Al-Amin Abu-Manga ya nuna a littafinsa na 1999 kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci. A ƙauyukan Jazira da Mai Wurno tana da ƙarfi, amma a birane irin Bur Sudan matasa sun fi sakewa da Larabci. Akwai kuma dalilin da ba na harshe ba: sunayen Takari da Fallata da ake kiran mutanen Yamma da su sukan ɗauki ma'anar raini, don haka ɓoye harshe kan zama hanyar kare kai.

7.0 Takarda da Zaman Lafiya

Ba a bar Bahaushe ya manta baƙo ne a ko'ina cikin biyun ba. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Gana. Dubban ɗaruruwa suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zango ba su san wata ƙasa ba, gidaje da rumfuna suka salwanta. Nijeriya ta yi makamancin haka ga 'yan Gana a 1983. Amma daga baya abubuwa sun sauya. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90. Ƙuri'ar zango ta zama abin da kowace jam'iyya ke zawarci, har aka kafa asusun raya zanguna da doka a 2017. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen Ankara ne mai tushen Hausa, kuma Kirista da Musulmi suna girmama shi. Har yanzu mai sunan Hausa ko na Fulani kan sha tambayoyi wajen neman katin ɗan ƙasa ko fasfo, amma yana da inda zai kai ƙara.

A Sudan dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shar'anta cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba su kasance mazauna ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Wannan rana ta fitar da mafi yawan waɗanda suka zo bayan Burmi. An sassauta sharaɗin daga baya, amma tunanin da ya haife shi bai gushe ba, kuma ya haɗu da al'adar da ke cewa kowace ƙasa tana da ƙabilar da ta mallake ta. A Yulin 2022, neman da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka yi na samun sarautar gargajiya tasu ya jawo rikicin da ya ci rayuka masu yawa, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum da Bur Sudan.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya sake fasalin birnin gaba ɗaya. Gwamnati da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji suka koma can, 'yan gudun hijira suka cika makarantu, kuɗin haya ya ninka ya fi ƙarfin tsoffin mazauna. Ta filin jirginsa aka kwashe wani ɓangare na ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Hartum a watan Mayun wannan shekara. Shekara biyu birnin ya yi a matsayin mafaka, sai a farkon Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka fara kai hari kan filin jirgi da rumbunan mai da tashar wuta. A halin da ake ciki, duk wanda aka ba zaɓi tsakanin gaɓoɓin biyu Ankara zai ɗauka, kuma ko kafin yaƙin ruwa da kasuwa da doka sun riga sun rinjayar da ma'auni wajenta. Abin da Bur Sudan ta riƙe wanda Ankara ba za ta taɓa samu ba shi ne jirgin da ke tashi daga Sawakin ya kwana a ruwa ya wayi gari a Jidda.